Baƙar Ƙwallo a Bolari

Bayan la'asar nakan kashe Napep
a gindin darbejiyar Bolari,
hannuwana ba su daina rawa ba,
gargadar hanyar Dukku na cikinsu.
Teburin sinuka yana rumfar kwano,
an tokare ƙafarsa ɗaya da kwali,
koren ƙyallensa ya koɗe a kusurwar hagu.

Mako uku Gidado yana cinye ni.
Gidado mai gyaran agogo,
da tabarau ɗaure da zaren lilo.
In na ɓarar ba ya dariya,
alli kawai yake goga wa sandarsa,
shuɗin gari na zuba a kan silifas.

Ran Talata ya ce, "Manu,
har a nan fasinja kake nema.
Idonka na ƙofa, yana kan mai rake,
yana kan yaran da ke maka ihu.
Ɗigo ɗaya gare ka a jikin ƙwallo,
ka same shi, ka zauna a kansa."

Ya buɗe mini yatsun hagu a kan tebur,
ya danna haɓata har ta shafi sanda.
"Kada ka shaƙe ta, ba birki ba ce.
Riƙe ta kamar ƙwan zabo.
Kafaɗa ta yi barci.
Gwiwar hannu kaɗai ke tafiya,
je ka, dawo,
irin na agogon bangon shagona."

Na koyi tsayawa kafin bugu,
ɗan shirun nan mai tsawon ƙiftawa biyu.
Na koyi barin sanda ta bi fara
ta raka ta kamar baƙuwa.
Abin da ya fi ba ni wuya:
kada in ɗago kai in ga sakamako.

Daren jiya saura baƙa kaɗai.
Na sunkuya. Mai rake ya ɓace,
ƙofa ta ɓace, kuɗin balas ya ɓace.
Na saki numfashi rabi, na tura.

Nan take aka ɗauke wuta.

A cikin duhu na ji ƙwas,
na ji gungurawa,
na ji wani abu ya faɗa raga.
Yara na ta laluben tocila,
wani na rantsuwa fara ce ta shiga.

Ni dai haɓata na kan sanda.
Daga bayana Gidado ya yi tari,
ya ce, "To. Yau ba ka ɗago ba."