Tarin Famfo na Uku

A Arekifa, ƙarƙashin dutsen Misti mai hular ƙanƙara,
ni ke riƙe da makullin kundi.
Ba ƙarfe ba ne, maɓalli ne a kwamfuta.
In na danna, abin da aka gyara ya zama doka
ga mu goma sha bakwai
da ke tace ruwan da unguwannin tudu ke sha.

Kundin na kowa ne, kowa na iya tsoma hannu,
amma gyara ba ya fita sai mutum biyu sun duba,
ni ce ta uku.

Ran Talata Nelida Ccama ta kawo nata.
Shafi na sha huɗu: yadda ake tada famfo na uku.
Aiki tsaf. Ta daidaita lambobi,
ta cire sunan injin da muka sayar tun bara,
jimla tara ta mai da su biyar.
Layi ɗaya ta soke da ja:
"Kada ka buɗe bawul sai famfo ya yi tari sau biyu."
A gefe ta rubuta: famfo ba shi da maƙogwaro.

Wilber ya duba yana cin burodi, ya sa hannu.
Rosaura ta gyara waƙafi biyu, ta sa hannu.
Saura ni.

Na bi sawun layin baya, gyara bayan gyara,
kamar mai neman akuya bayan an ɗauke ruwa,
har shekara goma sha ɗaya.
Teofilo Huanca ne ya rubuta, ƙarfe uku da minti goma na dare.
Bai ba da dalili ba.
Yanzu yana Chivay yana noman dankali,
wayarsa ba ta shiga sai ya hau tudu.

Kwana biyu gyaran na zaune a hannuna.
Nelida ta wuce ƙofata sau huɗu, ko uffan.
Na san abin da ake faɗa a ɗakin shayi:
Eusebia ta kwanta a kan takarda
kamar kaza a kan ƙwai.

Daren Alhamis na ce mata, ɗauko tocila.
Matakala arba'in da ɗaya muka sauka.
Ta kunna. Ƙugi ya cika ɗakin.
Sanyi na shigowa ta ƙasan takalmi,
muna tsaye, muna jira,
har na fara jin kunya.

Kuf.

Ta dube ni. Na dubi bango.
Na biyun ya fi ƙarfi,
allurar ma'auni ta zabura, ta dawo.
"Iska ce," in ji ta, a hankali,
"iska ce ke maƙalewa a gwiwar bututu.
Da an buɗe kafin ta fita
da ruwan ya daki ƙarfe kamar guduma."

Nan kan matakala ta zauna, yatsunta na rawa,
ta mai da layin Teofilo yadda yake,
ko harafi ba ta taɓa ba.
Ƙarƙashinsa ta ƙara uku nata:
me ya sa, matsin nawa, minti nawa.
Ta goge zancen maƙogwaro da kanta.

Gyaran ya sake zagayawa.
Wannan karon Wilber ya ajiye burodin.
Juma'a, bakwai saura kwata, na danna maɓalli.
Tsohon shafi ya koma ƙasa ya kwanta
inda 'yan'uwansa suke, ba a zubar da ko ɗaya.

Na tura wa Teofilo hoton sabon shafi.
Kwana tara shiru.
Ran na goma, da alama ya hau tudu:

"Ya yi kyau. Ki gai da yarinyar.
Amma a watan Yuli, in sanyi ya kama bututu,
sau uku yake yi."

Na ajiye kofina.
Na buɗe shafi na sha huɗu.