Rumbun Nomau

Ni na ɗora wa rumbun nan wuya
shekarar da gero ya yi a Kalfu har muka rasa mazubi.
Nomau ya rasu. Ƴaƴansa na Abijan, sai gaisuwar waya.
Rumbu ya zauna ciki wayam,
ɓera ma in ya leƙa tsaki yake ya wuce.

Sai ga Barira, jikarsa, daga Tawa
da takardar malanta da buhun albasa huɗu.
Muka ce, albasa za ki kawo wa Adar?
Ta kwance bakin buhu. Littattafai ne.
Wasu ba bango, wasu da sunan yaran da ba mu sani ba,
duk suna warin kasuwar da suka kwana.

Ta ce, Baba magini, fasa mini ƙofa a ƙasa.
Na ce rumbu ta ka ake shigarsa,
mai huda masa ciki ɓarawo ne.
Ta ce, to ɗan shekara bakwai da wane tsani?
Na yi kwana biyu ina fushi.
Na uku na ɗauki sungumi.

Gara ce ta fara zuwa karatu.
Muka tare ta da toka da baƙin man injin niƙa,
muka ɗaga katako bisa duwatsu,
muka rataya fitila mai shan rana a inda dami ke jingina.
Mutum shida ke shiga in sun naɗe ƙafa.
Sauran na waje, kunne manne da laka.

Arzika mai kiwo ya ari na farko.
Akuya ta cinye masa ƙarshen labarin,
ya dawo yana kuka, rabi a hannu.
Barira ba ta ɗau bulala ba,
ta ba shi bik da kaye ta ce, ƙarasa shi.
Yanzu labarin ƙarshe uku gare shi,
na Arzika, na Sahiya,
da na wani da ya ƙi sa suna,
wanda a cikinsa akuyar ce ta yi nasara.

Ni ban yi lakwal ba.
Amma akwai wani mai hotunan gine-gine,
bakan laka da ba azara ko ɗaya,
na juya shi, na juya, har magariba ta kama ni.
Ta ce, tafi da shi, Juma'a ka maido.
Na dangwala yatsa a kaye ƙarƙashin sunan jikana.

Shekara hamsin ina ginin rumbu.
Na san sautin mai cika, na san na mai yunwa
in ka buge shi da tafi.
Jiya da dare na bi ta gefensa, na buga.
Daga ciki wata ƙaramar murya ta ce,
a yi mana shiru, muna tsakiya.