Masu Cike Gurbi

Ranar Lahadi 'yan fim suka ari ofishinmu,
hawa na huɗu, Jayanagar, daura da mai sayar da kwakwa.
Manaja ya ce in je in sa ido kan kwamfutoci,
Nagaveni kuma ta riƙe mabuɗan ɗakin fayil.

Shekara huɗu teburina na kallon nata.
Na san ƙarar awarwaronta in ta buga hatimi,
na san ba ta shan kofi sai ya huce.
Abin da na taɓa ce mata bai wuce
“An sa hannu a takardar albashi?” ba.

Suka zo da fitilu kamar za a yi wa ginin tiyata.
Suka kwashe rasitaina, suka ajiye tukunyar fure,
wai akawun fim ba ya tara tarkace.
Jarumin ya zauna a kujerata
mai ɗingishi tun bara,
ta karkace da shi, aka kwashe da dariya,
darakta ya ce, “Ku bar ta, haka ya fi.”

Labarin dai saurayi da budurwa ne, teburi da teburi.
Ya ɓarar mata da kofi a kan rahoto,
lif ya maƙale da su tsakanin hawa biyu,
ta zage shi da Kannada mai zaƙi kamar rake,
kafin abincin rana ya faɗa mata komai.
Sau tara ya faɗa, don wuta ta yi ta ɗaukewa.
Sau tara! Ni ko ɗaya.

Da yamma mutane suka kasa.
Darakta ya hango mu a bakin taga:
“Ku biyun nan, can baya, wajen injin kwafi.
Ku yi kamar kuna hira.
Baki kawai zai motsa, kada in ji sauti.”

Abin nema ya samu.
Na buɗe baki babu murya,
na zazzage na shekara huɗu kaf,
har da awarwaron, har da kofin da ke hucewa.
Ita kuwa tana gyaɗa kai, fayil a ƙirji,
kamar lissafin haraji nake karanta mata.
Aka tashi. Aka ba mu dosa a ganyen ayaba,
kowa ya nemi bas ɗinsa.

Bayan wata bakwai fim ya fito.
Duk ofis muka je, masinja Girisha na ta fito da yatsu.
Ga mu can, daƙiƙa uku, bayan kafaɗar jarumi,
dishi-dishi, sai sanƙona ke ƙyalli.
Ba wanda ya lura.

A waje ana yayyafi.
Nagaveni ta buɗe lema, idonta na kan titi:
“Ƙanena kurma ne, Sharanappa.
Tun ina 'yar shekara shida nake karanta leɓe.”
Tikitin ya jiƙe a hannuna.
“Wata bakwai ke nan,” in ji ta,
“ina jira ka sa wa zancen murya.”

Bas ɗina ya zo, ya tsaya, ya tafi.
Lemar ƙarama ce,
kafaɗata ta hagu ta sha ruwa har Basavanagudi.

Litinin na tambaye ta
ko an sa hannu a takardar albashi.
Ta ce kofinta bai huce ba tukuna,
in jawo gurguwar kujerata in zauna.