Gansakukar Tsahara

Mu da teku sai a bakin direbobin Kwatano.
Amma ga Tsahara, can unguwar Zariya,
da kwami uku na siminti,
tana zuba kanwa, tana motsa ruwa da asuba
kamar mai tashin jinjiri.

Na ce, "Gansakuka dai?
Wadda ke kayar da mu a bakin rijiya?"
Ta tace ta a farin ƙyalle,
ta danne da dutse,
ta shanya siri-siri kamar taliya.
"Naman da ba a yanka ba ke nan, Baba."

Uwarta shekara talatin tana matsar gyaɗa;
hannun dai shi ne, launi ya sake.

Jiya jikana ya shanye kununsa, kore shar,
ya miƙo kwano.
Na jira kowa ya fita
kafin na lashi ludayin.