Teku a Ƙarƙashin Gado

A Panteka na tsince ta,
cikin daron tagulla, tsakanin kan famfo da mataccen kwado,
yaron mai sikeli na shirin kai ta wuta.
Na ce dakata.
Ya ce, Baba, kilo muke sayarwa a nan.
Na biya kuɗin kilo,
na tafi da abin da bai kai nauyin goro ba.

Shekara talatin ina wanke rauni a asibiti.
Da na ajiye aiki, abokaina suka kama kiwon tattabaru,
ni na kama tara lambobin yabo.
Masu harbi suna da masu yi musu kirari,
ni nawa na ma'aikatan jinyar sojan ruwa ne,
'yan ko-ta-kwana,
waɗanda takarda ta tarar suna ƙirga ƙwayar zazzaɓi a ɗakin shan magani
aka ce su ɗaure kaya, jirgi na jira.

Goma sha ɗaya ke nan a gwangwanin madara,
ƙarƙashin gadona a Kabala.
Asabe ta ce, kai da ko kwalekwale ba ka taɓa shiga ba,
ka kawo mana teku muna kwana a kansa.
Ban musa ba.
Iyakar ruwan da na sani shi ne wannan kogi
da ke shigo mana tsakar gida in Agusta ta yi fushi.

Toka da lemun tsami na sa.
Dare biyu ina gogawa da tsohon buroshin haƙori
kafin bakin lambar ya buɗe:
lamba shida, sai suna, Bulus Kazah.

Na bi sunan kamar mai bin bashi.
Kakuri suka ce Barnawa,
Barnawa suka ce ai ya daɗe da rasuwa,
amma 'yarsa na soya doya a Sabon Tasha.

Rifkatu ta goge hannu a zani kafin ta karɓa.
Ta ce, shekarar da rufi ya yi yoyo
muka haɗa akwatinsa da tsoffin ƙarafa.
Bai taɓa ba mu labarin yaƙi ba.
Kifi dai ba ya ci,
kuma har ya mutu da ƙafa dafe da bango yake barci,
wai kada ɗaki ya juye da shi.
Sau ɗaya, yana ɗinke min goshi, ya ce:
a jirgi ba ka soka allura sai igiyar ruwa ta sauka,
ka yi numfashi tare da ita,
in ka yi gardama da teku, mai rauni ne zai biya.

Sai ta jawo wani almakashi daga ƙarƙashin tire,
mai lanƙwasasshen baki, hannunsa ya cinye.
Da shi take yanka takardar naɗe doya.
Ta ce, waccan gwamnati ce ta ba shi,
ba ta taɓa jikin kowa ba sai aljihun rigarsa.
Wannan shi ya je yaƙin.

Bakina ya buɗe zai tambayi kuɗinsa,
kunya ta rufe shi.

Na bar mata lambar.
Ta ƙulle ta a bakin zani tare da canji,
ta zuba min doya ta ɗari biyar, ta ƙi karɓa.

A bas, kan gada, ruwa ya cika ya yi ja.
Motar na tsalle a ramuka,
na riƙe ledar yaji a tafin hannu
ina jiran ta sauka,
ina numfashi tare da ita.

Asabe ta ce, nawa suka zama?
Na ce goma.
Ta ce, to, ci doyarka tun da zafi.