Farashin Asabar

Daren Juma'a na zauna a garejinmu na Duluth
da tef mai ruwan ƙwai da baƙin alƙalami,
kayan shekara talatin da ɗaya jibge a gabana.
Gwiwa ta ƙi hawa bene, zan koma ɗaki biyu a ƙasa,
ɗaki biyu kuwa ba zai ci wannan tarkace ba.

Na fara da butar shayi: dala goma sha biyu.
Marlys maƙwabciyata ta dube ni ta saman tabarau:
"Buta za ki sayar, ko safiyoyin da kika sha a cikinta?
Mai saye ba ya biyan kuɗin tunani. Sa biyu."
Na sa uku, don kada a ce ban yi gardama ba.

Littattafai, huɗu dala ɗaya.
Cokula na ɗaure su goma-goma da roba.
Takalman ƙanƙara na Teodor,
hunturu biyu ya sa su ƙafarsa ta fi ƙarfinsu,
na juya, na sake juyawa, na rubuta biyar.
Sai akwatin ƙugiyoyin marigayi Wendell,
har yau yana ƙarnin tafki.
Na rubuta arba'in.
Marlys ta gani, ta buɗe baki, ta rufe.

Allona ya ce ƙarfe takwas,
amma shida da rabi ga wani da tocila
yana haska gindin tukwanena kamar likita.
Kafin tara ciyawar ƙofar gida ta zama kasuwa.
Wata ta taya kofin dala ɗaya kwata,
raina ya ɓaci, na sallama,
har na yi mata gyara da faranti.
Wata yarinya ta zazzage silalla daga safa,
ta ƙirga sau uku, ba su kai ba,
na ce idona ba ya gani sosai, sun kai.
Iskar tafki ta shiga riguna a kan igiya
suna ta rawa babu kowa a ciki.

Wajen azahar wani saurayi ya tsuguna gaban akwatin,
ya buɗe shi a hankali,
yana kiran kowace ƙugiya da sunanta.
Ya ce dala sha tara gare shi.
Na ce arba'in.
Ya rufe, ya shafa murfin, ya hau kekensa.

Ƙarfe uku kasuwa ta watse.
Dala ɗari da tamanin da bakwai a gwangwanin biskit.
Butar tana nan, ko taya ta ba a yi ba.
Ita da labule, da riguna, da fitila mai karyayyen wuya,
muka loda su a motar Marlys
zuwa ɗakin karɓar taimako na bayan coci.
Takalman Teodor tun a bakin ƙofa suka sami ƙafa.

Mai karɓa, wani dattijo Odell, ya miƙo mini takarda:
"Rubuta ƙimarsu a nan, saboda haraji."
Na ce, bawan Allah, tun jiya nake wannan aiki,
ban ci ko ɗaya daidai ba.
Na bar layin fari.

Akwatin dai ya dawo gida a cinyata.
A hanya na ce, "Yaron nan mai keke, ɗan wane ne?"
"Jikan Haugen, koren gida kusa da gada."
Na sa farce na ɓare arba'in ɗin daga murfi.
Marlys ta karya kan mota ba ta tambaye ni ba,
sai ta nuna hannun rigata,
inda wani guntun tef ya maƙale tun safe: dala uku.
Ta ce, "Ke ma kin yi tsada."