Rumfar Mai Faci, Bayan Uku da Nema

Ranar kasuwar Babura, la'asar sakaliya,
ina riƙe da tayar babur tsakanin gwiwoyi,
sai ga su sun cika min benci,
kowa da ɗacin jiya a maƙogwaro.

Uku da nema. A filinmu.
Gaban shugaban kwaleji da babbar rigarsa,
gaban yaran da suka hau katanga tun azahar.

Tsalha ya fara, shi ba ya jiran a ba shi fili:
"Haladu ɓarawo ne, ku rubuta ku ajiye.
Dubu ɗari huɗu aka ware na takalma.
Ku dubi ƙafar mai tsaron gida,
babban yatsa na leƙe kamar gafiya a rami."

Ilu Direba ya tofar da ɓawon rake:
"Kai da ko lemon tsami ba ka taɓa bugawa ba.
Ni na kai su Gumel bara, ni na dawo da su.
Burodi sha takwas ya saya a hanya,
yara sha takwas,
shi ya juya baya ya ce azumi yake.
Ranar Laraba, wane azumi?"

"To gaskiyar tasa ta ci mana ƙwallo nawa?"
in ji Sagiru mai cajin waya.
"An kawo masa zarata uku daga Kano,
ƙafa kamar taɓarya,
katin ɗalibi kawai za a buga musu,
ya ce sunansu ba ya cikin rajista.
Waɗanda suka ci mu fa?
Lamba tara ɗinsu na san shi, 'ya'yansa biyu,
dako yake a Kwari."

Aka yi dariya,
irin wadda ba ta kai ciki.

Baba Mati, da ɗansa ya shekara biyu yana ɗumama benci,
ya gyara hula:
"Ni ban ce ya ci ba. Cewa na yi bai iya ba.
Mutumin kirki ma yakan shuka riɗi a fadama.
An zura mana biyu,
ya cire mai kai hari ya ƙara mai baya.
Gida na cin wuta, kai kana ƙara sakata."

Ni dai ina goge roba, ina shafa gam.
Ban ce musu sunansa na cikin littafin bashina ba,
faci bakwai, duk na ƙwallo ɗaya.
Bayan isha yake zuwa da ita cikin buhu
kamar mai kai mara lafiya.
Nan ya zauna, inda Tsalha yake zaune yanzu,
ya ce dubu tamanin ce ta iso hannunsa,
takarda kuwa ta ce ɗari huɗu.
Na ce, ka sa hannu?
Ya daɗe yana kallon fitila.
"In ban sa ba, tamanin ɗin ma ba ta fitowa."

Tun daren nake auna maganar nan
kamar tiyub cikin ruwa, ina neman inda take yoyo.
Wani bi in ga kumfa.
Wani bi in ce idona ne.

Musu ya kai an fara rantsuwa da kabarin iyaye,
sai Ilu ya yi gyaran murya.
Ga shi can daga wajen 'yan awaki,
yana turo babur, tayar baya a kwance,
usur na lilo a wuyansa.

Benci ya yi tsit.
Tsalha ne ya fara matsawa.
"Koci, sannu da ƙoƙari.
Wasan Asabar ɗin, ƙarfe nawa ne?"

"Huɗu," in ji shi.
Ya dube ni, ya dubi tayar.
Na jawo famfo.